Kyanwar da Ta Ci Rabon Ɗana

Abubuwa da yawa sun shige mini a rayuwa, wasu ma sai 'ya'yana sun tuna mini. Amma makon da muka kusa kashe wata 'yar kyanwa saboda tsabar son da muke mata, wannan kam yana nan a raina har in koma ga Allah.

Lokacin muna zaune a unguwar Hajj Yusuf, a shekarun da ake tare motoci a hanya ana kwashe samari zuwa aikin soja na dole. Babban ɗana ya fita da safe zuwa wurin da yake koyon walda, aka sauke shi daga hafla, wato motar haya, aka tafi da shi. Gida ya yi tsit. Maigidana mai sayar da agashe ne, wato tsiren da mutanenmu suka yi suna da shi a nan, shi ma ya rage magana. Mahaifiyarsa da muke zaune tare, wadda nake kira Inna, yara kuma suna ce mata Habboba, wato kaka, ta duƙufa kan carbi. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce autata, 'yar shekara takwas. Yarinyar da surutunta ke sa ni ciwon kai ta koma daga "e" sai "a'a".

Wata Asabar na ɗauke ta muka je Umdurman gaida yayar maigidana, mai suyar kifi kusa da bakin kogi. Kyanwarta ta haihu a ƙarƙashin tebur, har 'ya'yan sun fara cin abinci. Wata 'yar toka-toka mai farar ƙafa ɗaya ta rarrafo ta kama gefen rigar autata ta ƙi saki. Sai na ji yarinyar ta ce, "Yumma, dubi kadisar nan, ni take so, wallahi ni take so!" Kadisa kyanwa ke nan a Larabcin nan, Yumma kuma uwa. Rabon da in ji doguwar magana haka a bakinta an fi wata biyu. Ban yi shawara da kowa ba, muka sa kyanwa a kwali muka hau mota.

Kwana biyu lafiya lau. A na uku kyanwa ta fara zawo, sai amai ya biyo baya. Cikinta ya kumbura yana ƙugi, gashinta ya tashi, ta daina bin igiyar da autata ke ja mata. Ran Talata da safe kuwa ta yi aika-aika, ta ɓata tabarmar sallar Inna. Inna ta fito tsakar gida riƙe da tabarmar da yatsu biyu, ta ce, "Ni ban hana ku kiwo ba, amma ba zan yi sallah a kan ƙazanta ba. Na ba ku zuwa Juma'a. In ba ta daina ba, a kai ta kasuwa a sake ta."

Autata ba ta yi kuka ba, da ma kukan ta yi da ya fi mini sauƙi. Biyo ni ta yi madafa ta ce a hankali, "Yumma, ita ma tafiya za a yi da ita?"

Abin ya ɗaure mini kai, domin ni ɗan gutsuren kisra, wainar dawa ta nan, kawai nake jiƙa mata da romo sau biyu a rana. A lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci da yamma, sai na ɗauki littafina na zauna gindin darbejiyar tsakar gida kamar mai bitar karatu, amma idona yana kan kwalin.

Maigida ne ya fara. Zai fita, ya waiga hagu ya waiga dama, ya zaro ƙunshin takarda daga aljihun jallabiya, ya tsugunna ya ajiye mata guntayen agashen jiya, da yajinsa da ƙuli-ƙulinsa. Bayansa autata ta zo da murfin gwangwani cike da shayinta na safe, madarar gari da sukari har ya yi kauri, alhali sukarin ma da kati ake samunsa a wancan zamani. Can wajen hantsi, da ta ɗauka na shiga wanka, sai ga Inna da kanta, mai wa'adin Juma'a, tana lallaɓowa da cokalin man shanu da ruwan hulba. Na ji tana cewa, "Sha, 'yar banza, sha ki warke kada ki ja mini abin kunya." Na rufe fuskata da littafi don kada dariya ta tona mini asiri. Amma dariyar ba ta daɗe ba, domin na lura da ɗan kwanon da take zuba mata man. Kwanon ɗana ne.

Yau da na tsufa na san abin da muke yi. Kowannenmu yana da abin da yake so ya ba wanda ba ya nan, sai muka juye shi duka a cikin da bai kai girman ƙwai ba.

Washegari da sassafe na koma Umdurman ni kaɗai. Da na zayyana wa Yaya abin da kyanwar ke ci, ta ajiye matsami ta riƙe haɓa. "Agashe da yaji? Ku kyanwa kuka ɗauka ko amarya? To saura ku yi mata lalle! Ke, wannan tun da ta bar nonon uwarta ba ta san komai ba sai dafaffen kifi marar gishiri. Madarar shanu ma da kike gani zawo take sa su. Ki mayar da ita kan abin da ta saba, kaɗan-kaɗan, sau huɗu ko biyar a rana, ki cire ƙaya, ruwa mai kyau kada ya yanke. In cikin ya tsaya, duk abin da za ki ƙara ki ƙara shi ɗaya-ɗaya, ki jira kwana biyu ki gani. In kuma ta ƙi shan ruwa, ki nemi likitan dabbobi, kada ki tsaya." Ta ƙunsa mini ƙananan kifi, ta ce in gaya wa ƙanen nata ya riƙe yajinsa.

Ni ba mai ɗaga murya ba ce, kuma ba a gyara wa suruka kai tsaye. Da aka zauna cin abincin rana sai na ce, "Inna, Yaya tana gaishe ki. Ta ce wai kyanwar nan hannu ɗaya ya kamata ya riƙa ba ta abinci, kuma ta zaɓi hannun jikarki." Maigida ya hau tari. Inna ta dubi bango ta ce, "To wa ke ba ta wani abu da ma?" Sannan ta ƙara da cewa, "Yayar taku ta yi gaskiya. Shekarar da muka baro gonakin Jazira muka shigo birni, wata guda cikina bai yarda da waken ful ɗinsu ba."

Autata ta karɓi aikin da gaske. Ita ke tsince ƙaya, ita ke wanke murfin ruwa, ita ke tsare kwalin tana yi wa babanta kashedi da Larabci da Hausa a haɗe. Ran Alhamis amai ya tsaya. Ran Juma'a zawon ya ragu amma bai ɗauke ba. Bayan an sauko daga masallaci Inna ta naɗe tabarmarta ta rataye a ƙusa can sama, ta ce ba tare da ta dubi kowa ba, "Ai ban faɗi wace Juma'ar ba." Kafin mako ya zagayo kyanwa tana hawa gadon Inna tana wasa da carbinta, gidan kuma ya cika da surutun autata.

Bayan shekara biyu Allah ya dawo mana da ɗana, ya rame har wuyansa kamar a ƙirga jijiyoyi. Kafin ya gama wanka maƙwabta sun cika tire da abinci, maigida ya kawo agashe, ni kaina na yanka kaza. Sai Inna ta sa hannu ta tare tiren ta ce, "Kun manta da kadisa? A dama masa kunu tukuna." Ta tambaye shi abin da yake ci a can, muka fara daga nan, kaɗan-kaɗan, kyanwar tana kwance kan ƙafarsa.

Abin da na koya ke nan. Duk wanda ya shigo hannunka sabo, mutum ne ko dabba, ka fara tambayar abin da ya saba kafin ka ba shi abin da kake so. Ƙauna ma in aka zuba ta gaba ɗaya ciki ba ya ɗauka, sai an bi ta da haƙuri.