Kiryar Kaka Arzika

Ku da kuka san kakana Arzika maƙeri a Ɗan Kassari, kun san bai taɓa wuce dutse a hanya bai duƙa ba. Sai ya ɗauka, ya jinjina, ya lasa! In ya ji nauyi, ya jefa aljihu. Kakata Tani ta yi ta ɗinkin aljihu tana mita har Allah ya karɓi ranta.

Tama yake nema, dutsen da ake fitar da ƙarfe daga cikinsa. Yana yaro ya ga ubansa ya gina murhun laka mai tsayin mutum, aka jera tama da gawayin kirya hawa-hawa, wuta ta ci ta ƙoshi, aka fasa gindin murhun aka jawo curin ƙarfe ja wur. Da ƙarfen matattun motoci ya shigo kasuwa sai aka daina. Burinsa ɗaya a duniya, ya sake hura wutar nan ko sau ɗaya, mu jikokinsa mu gani da idonmu.

Rumbu guda ya cika da tama. Wata shekara da hatsi ya yi wuya, ɓarawo ya fasa rumbun, ya tarar da duwatsu, ya kama gabansa. Kaka ya wuni yana faɗa. Muka ce ai ba a ɗauki komai ba.

"Shi na abin haushin! Ɓarawon banza, yat tarad da dukiya yab bar ta!"

Sani ɗan kawuna, mai shago a Dogon Dutsi, ya taɓa kawo masa ƙarfen mota. Ya ce, "Kaka, ga ƙarhe na gari, a huta da wahala. Kuma jan zakaran da aka yanka ma iskokin murhu, shirka ta."

"Zakara kai za ka ci abinka da bisimilla. Wanga ko gawa ta ka kawo min."

Ya karɓa fa, ya ƙera kalme mai kyau. Da ya gama sai ya ce a ba shi ruwa ya wanke hannu, ya taɓa mamaci.

Abin da ya hana wutar tashi shi ne gawayi. Tama ba ta narkewa sai da na kirya, kuma kirya ɗaya tak ta rage a dajinmu, tana tsakiyar gonarsa. Akuya ta raɓe ta, ya bi ta da jifa. Ni da yake kira amaryarsa, ni ce mai tsokanarsa: "Maigida, ka sare ta mana, mu ga ƙarhen ga kahin ka ruɗe."

Da ranin bara ya wasa gatari, ya ce in ɗauko ruwa in biyo shi. Da muka isa sai ya dafa kiryar. Can ya nuna mini fili fetal har gindin tsauni, inda ruwa ya yanka ƙoramu ya cinye gonaki.

"Duk nan kirya ta, amarya. Murhun ubana yac cinye ta. Mun ƙone icce mun yi hauya, ga hauya, ƙasar noma ta tahi."

Ya ɗaga gatarin, ya sauke. Ya duba bakinsa, ya yi tsaki.

"Gatarin ga ba shi da kaihi. Mu tahi gida."

Na yi dariya, na ce kunya dai, maƙeri da dakusasshen gatari! Ya saɓa gatarinsa, ya yi gaba. Tun ranar bai ƙara duƙawa kan dutse ba, ni kuwa ban lura ba sai daga baya, abin yana ci mini rai har yau.

Ya rasu kafin ruwa ya sauka. Samari suka ɗauki gatarin nan za su saro kiryar a rufe kabarinsa, don gara ba ta cin itacenta. Na tare ƙofa ina kuka, na fizge shi. Bakinsa ya ɗan shafi yatsana, jini ya tsarto. Ashe ko aski aka yi da shi zai ci.

Sani ne ya buɗe rumbun. Aka rufe kabarin Kaka da tukwane maimakon itace, aka yi lodin tamarsa a amalanken jaki aka jera masa a kai.

Allah ya jiƙanka, maigidana, ya sanyaya makwancinka. Kiryarka ta yi sabon ganye bana. Allah ya ba ka inuwar da ta fi tata.