Banɗaki Mai Taya Huɗu

Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Bafulatana ce, ko da yake a Soron Ɗinki ta yi aure har ta tsufa, kuma kunyar ɗan fari ta riƙe ta da hannu biyu. In tana son in miƙo mata buta, sai ta dubi bango ta ce, "A ce wa wancan ya miƙo buta," ko da kuwa daga ni sai ita a tsakar gidan. Da na yi aure bango ya huta, matata ta karɓi aikinsa. Na yi furfura, na yi ritaya daga koyarwa, har yau ina nan a matsayin wancan.

'Yar'uwa ɗaya ta rage wa Hajiya a duniya, yayarta da muke kira Yafendo, can a kan dutsen Mambila, tafiyar kwana biyu a mota. Sun daɗe ba su ga juna ba sai dai murya a waya. Ranar da aka bugo aka ce jikin Yafendo ya yi tsanani, kuma ƙanwarta kawai take kira, na ɗauka Hajiya za ta tashi ta fara ɗaure kaya. Sai ta ce Allah ya ba ta lafiya, ta ja carbinta. Na yi lallashi, na turo ƙannena suka yi nasu, amsar dai ɗaya ce: a gaya wa wancan ba ta zuwa ko'ina. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ina jin sheshsheƙarta in ta rufe ƙofa.

Matata ce ta ja ni gefe. Ta ce, "Malam, kai fa ido gare ka amma ba ka gani. Hajiya ba ta iya riƙe fitsari yanzu. Kafin kowace salla sai ta wanke jiki ta sauya zane. A ina za ta yi wannan a hanya? A bayin tasha, ana layi ana buga mata ƙofa? Wallahi ta gwammace ta haɗiye kewar 'yar'uwarta da a gan ta a haka."

Na ji kunya, na kuma ji tausayi. Gida ɗaya muke kwana, amma sai da aka karanta mini uwata kamar allo.

To, ina da wata tsohuwar bas da na saya bayan ritaya da niyyar jigilar 'yan makaranta. Niyyar ta mutu, bas ɗin ta rage. Kuma na sha kallon Turawa a waya suna mayar da irinta gida, da gado da murhu da wurin wanka, suna yawon duniya a ciki. Na ga wani mai jan gemu ya haɗa shawa a wuni ɗaya, yana murmushi, ko gumi bai yi ba. Na ce in dai wannan ne, ni da na shekara talatin ina koya wa yara yadda ruwa ke gangara daga sama zuwa ƙasa, ai ba zai gagare ni ba.

Lungunmu ko amalanke sai ya karkata yake shiga, don haka a bakin titi bas ɗin take kwana, gefen masallacin unguwa, daidai inda dattawa ke zaman majalisa. Ashe unguwarmu cike take da injiniyoyi ban sani ba. Kafin in gama kwance kujerun baya, an ba ni shawara ta fi goma, kowace tana ƙaryata 'yar'uwarta. Wanda ya kama mini aiki da gaske shi ne maƙwabcina mai walda, Babarbare, wanda tun muna samari yake ce mini bawansa saboda jinin Hajiya da ke jikina.

Ya leƙa cikin motar ya ce, "Bafulatani da shawa! Ku da rafi ya ishe ku, ku da shanunku."

Na ce, "Kama ƙarfen dai. In an gama kai ma a gwada maka wanka, ko sau ɗaya ne."

Ya lanƙwasa mini farantin ƙarfe mai baki kamar tire, muka kafa shi a kusurwar baya. Na tayar da bango biyu na katako, na manne su da ledar tsakar ɗaki don kada ruwa ya ci su, na rataya labulen tamfol a gaba. A saman motar muka ɗaure baƙin tanki domin rana ta riƙa ɗumama ruwan, tunda ƙasusuwan Hajiya ba sa shiri da sanyi. Daga tankin na sauko da tiyo zuwa kan shawa da na tsinto a kasuwa, mai sheƙi kamar na otal. A tsakiyar farantin muka huda rami, muka sa guntun bututu ya leƙa ƙarƙashin mota. Haka na ga mai jan gemu ya yi, kuma ban ga wanda ya tsaya yi masa tambaya ba.

Ranar gwaji na zaɓi gab da la'asar, a tsakiyar bazara. Na shiga da singileti da gajeren wando, na ja labule, na shafa sabulu da kyau don gwajin ya cika, sannan na murɗa famfo. Na manta tankin ya wuni yana shan ranar Kano. Ihun da na yi, an ce har mai rake na tsallaken titi ya yar da wuƙarsa. Na dirgo waje da kumfa a ido, na tarar jama'a sun fito alwala sun yi cirko-cirko. Ruwan sabuluna kuwa ya bi bututu, ya bi gangare, ya je ya kwanta a cikin takalman masallata da ke jere a bakin ƙofa. Liman ya ɗaga nasa yana ɗiga, ya dube ni, ya ce, "Malam, Allah ya sa wankan ya karɓu." Babarbaren nan sai da aka riƙe shi don dariya.

Na ƙara jarkar ruwan sanyi da famfo na biyu don sirki, na jira fatar wuyana ta daina zafi, sannan na aika matata ta gayyato Hajiya.

Ta zo da sandarta, ta hau da ƙyar, mu biyu muna tallafe da ita. Ta dubi katifar da na shimfiɗa. Ta ɗaga labule, ta ɗaga kai ta dubi kan shawar nan da nake taƙama da shi.

Ta ce da matata, "A tsaye ake yi? Kamar ana wanke saniya?"

Matata ta ce za a sa mata kujerarta ta tsuguno. Hajiya ta gyaɗa kai. Na fara murna. Sai ta kai bakin sandarta kan ramin nan, ta ƙwanƙwasa.

"Tambaye shi, ina wannan ya nufa?"

Na yi caraf na ce, "Ƙasa, Hajiya."

Ba ta dube ni ba. Ta ce da matata, "Ƙasar wa?"

Nan na gane na yi aikin banza. Tun muna yara Hajiya ba ta taɓa zuba ruwan zafi a rariya ba sai ta yi bisimilla, ta ce a kauce, a janye yara, ta ɗan jira, sannan ta tuttular. Wanda duk ya watsa ruwan zafi haka kawai a gidanmu ya san ɗanɗanon muciya. Aljanun rariyarmu maƙwabtanta ne na shekara da shekaru, sun san muryarta, ba su taɓa samun saɓani ba.

Ta ce, "Na gida sun san ni. Yanzu a tsaya da ni a dajin da ban san masu shi ba, ina ciki ban ga inda ruwa ke sauka ba, in ƙona wa bayin Allah 'ya'ya? Kuma ruwan jikina ya kwanta a hanya, kowa ya zo ya taka? A mayar da ni ɗakina."

Bayan ta tafi na tsaya ina yi wa matata bayanin kimiyya, cewa ruwa kafin ya bi bututu ya taɓa ƙasa ya riga ya sha iska. Ta bari na gama tsaf, ta ce, "Malam, kimiyyar nan ba ita ce ta dafa ka shekaranjiya ba?"

Da yammacin ranar aka sake bugowa daga Mambila. Yafendo ta daina karɓar abinci sai ruwa. Na ga Hajiya ta riƙe wayar a ƙirjinta bayan an kashe, ta daɗe a haka. Tsoro ya kama ni, don na ga alamar za mu makara saboda rami guda wanda bai fi bakin kwalba ba.

Da sassafe na buga wa maƙwabcina ƙofa na faɗa masa. Na shirya wa tsokana, amma bai yi ba. Ya ce, "Tsohuwa ta fi ka gaskiya. Tawa ma haka take." Ya ɗauko ƙarafa ya haɗa ɗan keji a ƙarƙashin motar, muka zura babbar jarka a kwance, muka cusa bututun a bakinta muka ɗaure da roba. Ko ɗigo ba ya taɓa ƙasa. Kafin azahar an gama, sai a lokacin ya tuna ni bawansa ne, ya ce in durƙusa in yi godiya.

Hajiya ta dawo duba aiki. Wannan karon har sunkuyawa ta yi ta leƙa ƙarƙashin mota. Sannan ta jero wa matata sharuɗɗa, ni ina tsaye a gefe kamar wanda ake yanke wa hukunci. Ba za a zubar da ruwan ba sai ya huce sarai. Wancan ne zai zubar da hannunsa, da bisimilla. Ban da gindin tsamiya, ban da gindin kuka, ban da kan suri, ban da mararraba, ban da bakin magariba. Na ce na ji na karɓa. Ta ce a ɗauko mata akwatinta, ashe tun ranar farko yake ɗaure a bayan gado.

Wanda bai taɓa neman fili marar tsamiya, marar kuka, marar suri a dajin Arewa ba, bai san wahala ba. Sau biyar a wuni muna tsayawa, Hajiya ta yi wanka, matata ta miƙa mata zane, mu yi salla, mu ci gaba. Idan jarka ta huce sai in ciccibe ta in nausa daji ina dube-dube, Hajiya na leƙe ta taga tana ba da umarni ta bakin matata: ya matsa gaba, wancan kututturen bai kwanta mata ba. A wani shingen hanya wani jami'i ya hango jarkar ya ɗauka fetur na ɓoye. Ya sa na zaro ta, ya buɗe, ya kai hanci, ya ɗago yana ƙifta ido.

"Mene ne wannan, Baba?"

"Ruwan wankan mahaifiyata ne, ranka ya daɗe. Wurin zubarwa muke nema."

Ya dube ni, ya dubi tsohuwar da ke jan carbi a taga, ya ce mu sauka lafiya.

Kan shawar nan mai sheƙi kuwa, ko sau ɗaya ruwansa bai taɓa kan Hajiya ba. Matata ta tona mini asiri: bokiti take tarawa a ƙarƙashinsa, in ya cika ta rufe famfo, ta zauna a kujerarta ta yi wankanta da moɗa kamar yadda ta saba. Wato duk ƙonewar da na yi, famfon cika bokiti na haɗa.

Mun hau dutsen rana ta uku da hantsi, don tsaye-tsayenmu sun ƙara mana kwana. Da rugar ta bayyana, Hajiya ta ce a tsaya. Ta yi wanka, ta ɗaura sabon zane, ta shafa turare, ta gyara mayafi. Da ƙafarta ta shiga gidan, kanta a ɗage, ba wanda zai ce ga abin da ke damunta. Mun sami Yafendo da rai, kuma Allah ya ba su kwana shida tare kafin ya karɓi abarsa.

A ranar da muka isa, bayan an gama koke-koke da gaishe-gaishe, na zaro jarka zan je neman wurin zubarwa. Hanyata ta bi ta bakin ɗakin da suke. Na ji muryar Yafendo, siririya, tana tambaya da Fulatanci yadda aka yi ƙanwarta ta iya wannan doguwar tafiya, alhali ta san lalurarta. Fulatancina na kasuwa ne, amma ya isa in gane amsar. Hajiya ta ce an gina mata banɗaki a cikin mota, da ruwan ɗumi, da labule. Yafendo ta ce wa ya yi wannan aiki?

Hajiya ta ce, "Ɓingel am." Ɗan yarona. Ta ƙara da cewa da hannunsa ya yi, har ya ƙone.

Na tsaya da jarka a hannu, ni da furfurata, hawaye na zuba ban iya sharewa ba. Shekara sittin da 'yan kai ina jiran wannan, ban ma san ina jira ba. Jarkar ce ta tona ni, ta bugi dokin ƙofa. Hajiya ta waigo, muka haɗa ido, abin da ba ma yi. Ta yi sauri ta ja mayafi, ta juya ta fuskanci bango.

Ta ce, "A ce wa wancan ruwan ya huce tun ɗazu. Kuma akwai suri a bayan garke, ya kula."