Kawu Sabo da Wankin Sunayen Tagwayena

Tun ranar da na haifi tagwaye nake tsoron a manta da Usaina. Ita ce ƙaramar, ko kuka ba ta iya yi da ƙarfi.

To, kun dai san Kawu Sabo, ƙanin mahaifiyata, mai kula da kwamfutar kamfanin fata a Challawa, inda maigidana yake aiki. Mutumin da ba ya ajiye abu sai ya wanke! Goro, a wanke. Ledar burodi, a wanke a shanya, gobe ma rana ce. Na taɓa kama shi yana ɗauraye sabulu.

"Kawu, sabulun ma?"

"Ke kin san hannun da ya taɓa shi?"

Haka ya koya wa kwamfutar. Duk sunan da aka shigar, sai ta wanke shi kafin ta ajiye, ta zubar da wanda aka rubuta sau biyu.

Ranar da zazzaɓi ya kama Usaina, na kai ta asibitin kamfani. Malamar asibitin ta duba kwamfuta ta ce, "Hassana kaɗai na gani. Wanda babu sunansa a nan ba ma ba shi magani."

Wayyo! Ko takalmi ban saka daidai ba na faɗa ofishin Kawu da tagwayen, ɗaya a baya, ɗaya a kafaɗa.

"Kwamfutarku ta cinye min 'ya!"

"Binta, kwamfuta ba ta cin mutane. Zauna. Kai, tsaya in goge kujerar!"

Ya rubuta Usaina, ya ajiye. "Ga ta nan!"

"To ina Hassana?"

Babu Hassana. Ya mayar da Hassana, Usaina ta ɓace. Sau uku! Ya busa wayoyi, ya zagi NEPA, ya goge gilashin da hularsa. Ni kuwa jikin yarinya sai ƙuna yake a kafaɗata.

Na ce, "Kawu, ni ban yi boko ba, amma me take dubawa in za ta zubar da suna?"

"Uba ɗaya, ranar haihuwa ɗaya. Wato akawu ya maimaita ke nan."

Na juya masa bayana, na nuna masa kafaɗata.

Ya dubi wannan, ya dubi waccan.

"To wa ya ce ki haifi biyu rana ɗaya?"

Nan take ya gyara, ya ce ta riƙa duba sunan yaro ma. Da kansa ya saɓa Usaina har gaban malamar. A hanya na ce, "Ashe kuna kuskure?"

"Ba kuskure ba ne. Tsabta ce ta yi yawa."

Usaina ta warke, yanzu ita ce mai bakin gidan.

Ranar da Kawu ya rasu, da na ji an ce an gama yi masa wanka za a fita da shi, dariya da kuka suka zo min tare. Allah Ya wanke shi tas, kamar yadda yake so, Ya ajiye shi a Aljanna. Don Allah, in kun idar da salla, ku ambaci sunansa. Kada a manta da shi.