Wani ya je lakwal ɗaukar Nana da sunana

Ƴan uwa, ku ji abin da ya same ni yau.

Ina shago a Sabon Gari ina ɗinki, sai ga kiran malamar su Nana, ɗiyata mai shekara shida.

Ta ce, "Maman Nana, ke kika aiko ƙanenki ya ɗauke ta?"

Na ce, "Malama, ni ba ni da ƙane."

Ashe wani ne ya zo bisa moto, wato babur. Ya kira sunan yarinyar, ya ce kakarta ba lafiya a Tibiri, can zai kai ta. Har hotonmu ya nuna a wayarsa, ni da Nana a ƙofar lakwal, wato makarantarsu. Ni na ɗora hoton nan a shafina, sunan lakwal ɗin ɓaro-ɓaro a bayanmu. Rashin lafiyar Inna, kakar tata, ma ni na rubuta shekaranjiya, ina roƙon addu'a.

Da malama ta ce bari ta kira ni, sai ya ce zai sayo ruwa. Bai dawo ba.

Na hau kabu-kabu a guje. Na tarar da Nana cikin aji tana shan alawa. Na fizge, na ce, "Wa ya ba ki?"

Ta ce, "Kawu. Ya ce gobe zai dawo."