Sifanar Kawu Ɗahiru

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar nan ina cikin rakasha, keke mai ƙafa uku, a garin Wad Madani aka bugo mini waya: Kawu Ɗahiru ya rasu.

Wan mahaifiyata ne. A ƙauyenmu, kusa da Managil, an san shi da noman auduga da tsintar tsakuwa a kan hanya. Tuni aka yanke hukunci cewa aikin soja ya taɓa masa kai. Tambayarsa dalili kuwa babu wanda ya ga amfaninta.

Makaniken jiragen yaƙi ne, masu injin jet, tun na farkon da aka kawo ƙasar nan. Ya ce injinan nan duk abin da suka tarar haɗiyewa suke yi, tsakuwa guda sai ta kashe matuƙi. Don haka kowace safiya shi da abokan aikinsa sukan jera su tsince filin kafin jirgi ya tashi. Ya bar aikin, hannunsa bai bari ba.

Shi ya raka ni jami'a ranar farko, akwatina a kansa, yana kirana duktora tun ban ga ƙofar aji ba.

Ganinmu na ƙarshe da ƙaramar salla ne. Yana zuba mini jabana, gahawarmu ta gida, ya ce, "Ɗiyata, akwai wani matuƙi, Usman. Ni na duba jirginai. Ya tashi, bai komo ba. Da marece na ƙirga kayan aikina, sifana guda babu. Ke da kike shiga inda takardu suke, ki binciko mini, ko ni na mance ta cikin injin."

Shekara arba'in yana ɗauke da wannan, mu muna yi masa dariyar tsakuwa.

Na bincika. Makon jiya na samu wani tsohon hafsa da ya karanta rahoton hatsarin. Ungulu ce ta faɗa injin. Gashinta aka tarar a ciki, ba ƙarfe ba.

Ban buga masa waya ba. Na ce sai Juma'a in je in gaya masa baki da baki, in ga fuskarsa. Ni ce mai tsari.

Yau Laraba.

Kawu, ba kai ba ne.

Allah ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sanar da kai abin da na jinkirta. Wanda ya karanta, don Allah ya yi masa Fatiha, ya haɗa da Usman.