Layi na Huɗu a Shagon Hafizullahi

Shagona na ɗinki manne yake da na Hafizullahi Talha a bakin kasuwar Sabon Birni, shekara goma sha ɗaya ke nan bango ɗaya ya raba mu. Dogo ne, ba ya da yawan magana. Da gyaran rediyo ya fara tun yana saurayi a Isa, daga baya ya koma ɗaura amsa-kuwwa a wuraren wa'azi da ɗaurin aure. Da wayar hannu ta kashe kasuwar rediyo sai ya sayi tsohuwar kwamfuta, ya riƙa ɗaukar wa mutane sanarwa da talla da makirfo ɗaya.

Abin da ya daɗe yana ci masa rai shi ne makaɗa. In suka zo su shida, makirfo ɗaya ke kwashe su gaba ɗaya, ganga ta danne murya, ba yadda za a raba su. Saboda haka bayan girbin bara ya tafi Maraɗi ya dawo da wani baƙin akwati shimfiɗaɗɗe mai ƙofofi takwas, wanda masu sana'ar ke kira saun-kad. Kowace ƙofa da makirfonta, kowane makirfo da layinsa daban a fuskar kwamfuta.

Akwatin na hannu ne, ba sabo ba. Ranar da ya kwance shi ina tsaye. Yana ɗaga murfin wani wari ya buge mu, kyankyasai suka watse kan tebur, matattu kuma sun manne a jikin wayoyi tare da ƙwayayensu. Ya fita waje ya tofar da yawu, ya dawo da tsohon buroshin haƙori da sifirit. Kwana biyu yana kankara. Matarsa Mas'uda ta ce in dai abin nan ya shigo mata gida to ita za ta fita.

Da ya haɗa shi, kwamfuta ta ƙi gane shi. Sai da ya hau babur ya nufi wajen iyaka inda sabis ɗin Nijar ya fi ƙarfi, ya sauko da wata ƙaramar manhaja da ake kira direba, wadda ke gabatar da akwatin ga kwamfuta. Manhajar ɗaukar sauti kuma ta nuna masa ƙofa biyu kacal cikin takwas. Ya yi ta tono cikin saiti har ya gano inda ake zaɓen sabon direban, ya buɗe layi takwas, ya ɗaura kowanne a kan ƙofarsa, ya manna farin salatif a kan wayoyin ya rubuta lamba. Sai muryar ta riƙa dawowa kunne a makare, kamar wani na kwaikwayonka. Akwai wata lamba da ya riƙa ragewa. In ya rage da yawa sauti ya yi ƙwas-ƙwas, in ya ƙara ya makara, har ya samu tsakiya. Gunjin janareto kuwa bai bar shi ba sai da ya kafa rodi a ƙasa bayan shago ya ja waya zuwa jikin akwatin. Ni ne ɗan gwaji. Na faɗi "ɗaya, biyu" a makirfo takwas har na ƙosa.

Wata safiyar Laraba Ɗanmusa ya zo. Mawaƙin noma ne da kowa ya sani a yankin Gatawa, amma ranar ya zo cikin sabuwar shadda a kan sabon babur, da 'yan amshi uku da makaɗa biyu. Ya ce waƙar noma ce. Hafizullahi ya ba shi makirfo na ɗaya, 'yan amshi biyu zuwa huɗu, kalangu biyar, ganga shida. Na bar kekena na tsaya bakin ƙofa.

Baiti biyun farko gero ne da dawa. A na uku Ɗanmusa ya kira sunan wani, sunan da ba zan rubuta a nan ba. Shugaban 'yan bindigar da suka tashi ƙauyuka uku a gefen Gatawa ne, har da na mahaifiyar Hafizullahi. Ɗanmusa ya kira shi zaki, ya kira shi uban marayu, ya yabi yawan baburansa.

Na ga fuskar Hafizullahi ta yamutse kamar wanda ya tauna ruɓaɓɓen goro. Ya cire abin kunne ya riƙe shi nesa da jikinsa, ya danna tsayawa.

"Mi ya hwaru, Malam?" in ji Ɗanmusa.

Hafizullahi ya zuba wa kwamfutar ido. Layuka biyar sun cika da tudu da kwari na sauti, na huɗu kuwa miƙe yake sambal, ba komai. Ya ƙwanƙwasa makirfo na huɗu da yatsa, fitila ta kawo. Lafiyarsa lau. Mai riƙe da shi wani dattijo ne siriri mai suna Kalilu, kuma duk mun ga bakinsa yana motsi.

"Baba Kalilu, ba ka yi amshi ba."

Dattijon ya sunkuyar da kai. "Ɗiyana biyu mutumin ga ya kashe a gona. An ce in zo, na zo. Baki na iya motsi, amma sunan nan ba ya hita."

Ɗanmusa ya harzuƙa. "Kai Malam, kana cikin gari kana shan inuwa. Aiko mani anka yi. In ban yi ba, wa za shi bar mutanenmu su yanke dawa bana?"

"Babur ɗin ma don dawa anka ba ka?" in ji Hafizullahi. "Ban san abin da za ni yi ba in ni anka aiko ma. Amma wagga ƙazanta ba ta kwana cikin injina."

Ya zaɓi layukan duka ya goge a gabansu. Ɗanmusa ya kwashi mutanensa ya fita yana faɗin za a ji labari. Hafizullahi ya zare soson da ke kan makirfo na ɗaya da bakin filaya, ya jefa a kwata, ya wanke hannu da omo har gwiwar hannu.

Tsoro ya zo daga baya. Mas'uda ta yi kuka, ta ce ya jawo musu. Ya kulle shago suka tafi Isa wurin yayansa Usmanu, sati shida. Ba wanda ya zo nemansa. Kalilu kuwa ya bar ƙungiyar, na ji yana dakon kaya a kasuwar Bafarawa.

Da Hafizullahi ya dawo sai ya kafa doka: duk mawaƙin da ya zo, sai ya karanto baitocinsa da baki daga farko har ƙarshe kafin a kunna komai. Wasu sun ji haushi sun daina zuwa. Yanzu yawancin aikinsa ƙasidun ɗaliban Islamiyya ne da tallan maganin ƙwari.

Waƙar dai ta fita. Da waya Ɗanmusa ya ɗauke ta a wani zaure, ganga ta danne rabin kalmomin, amma sunan yana fitowa sarai. Makon jiya wani ɗan acaba ya tsaya gaban shagunanmu tana tashi daga aljihunsa, yana gyaɗa kai. Hafizullahi ya dube shi tun daga hula har takalmi, ya ce masa ya matsa gaba, ya ja ƙofarsa ya rufe.