Rahila Ta Zauna Bisa Ƙullin Ladi

Duk wanda ya sayi waina a bakin tashar Talata Mafara ya san Rahila, ya kuma san bakinta. Kirista ce daga ƙasar Zuru. Aikin dam ɗin Bakolori ya kawo mijinta Ɗanjuma, suka zauna.

Da ƙanen Ɗanjuma ya rasu ya bar matarsa Ladi da goyo, dangi suka ce Ɗanjuma ya gaje ta bisa al'ada. Rahila da kanta ta share mata ɗaki. To, coci na da doka tun zamanin Turawan mishan: mai mata biyu ba a yi masa baftisma sai ya sallami ta biyun, ita ma ba ta cin Jibin Ubangiji, wato gurasa mai tsarki da ake raba wa masu baftisma a coci. Ran Jibi, Ladi na bencin baya. Rahila ta kwashi zanenta ta koma can, ta ce ita ma ta ƙoshi. Dattawa suka yi lallashi har suka gaji. Kai, matar nan akwai taurin kai! A bencin nan suka yi furfura.

Bara ciwo ya kwantar da Ɗanjuma, ya roƙi baftisma. Fasto ya zo, ya ce cikin nauyin baki, doka tana nan. Da hantsi sai ga Ladi ta ɗaure kayanta, za ta ƙauyen da ba ta da kowa.

Rahila ta zauna daram bisa ƙullin.

"Yaya, tashi," in ji Ladi tana kuka. "Kar ya mutu haka saboda ni."

"Ina za ki, tsohuwa da ke? Wa ya san ki can?" Rahila ta ɗaga murya don a ji a ɗaki. "Maigida, kai ka aike ta?"

Ɗanjuma ya amsa daga shimfiɗarsa. "Ta kwance kayan," ya ce. "Allah ya san gidana."

Haka ya rasu ba baftisma. Abin ya ci Rahila ƙwarai, har yau in ta tuna sai ta share ido.

Bayan makoki fasto ya ce yanzu Ladi ba matar kowa ba ce, hanya ta buɗe. Aka yi mata baftisma. Ran Jibi Ladi ta tsaya a baya, Rahila ta tura ta gaba.

"Wuce mana. Da tsada aka saya miki."